Wanda ya rubuta, wadda ta duba, ko wanda ya saki: wa zai amsa?

Ɗan Kabuga:
Assalamu alaikum jama'a. Maganata da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni. Da yawanku kun san ɗan ƙunshin manhajar nan na yaren Python da na ɗora a PyPI, rumbun da kowa ke ɗauko irinsu, tun ina hidimar ƙasa, wanda ke mayar da lamba kalmomin Hausa: ka ba shi 2,500 ya ba ka "naira dubu biyu da ɗari biyar". Don rasit ɗin shagon yayana na yi shi, ban taɓa zaton wani zai ɗauka ba.

Makon jiya Auta ya turo gyara, ya ce ya share wasu layuka da suke maimaita kansu. 'Yar Gwale ta duba ta danna amincewa. Ni kuma ina cikin adaidaita sahu a Zoo Road na ga koriyar alamar amincewa a waya, na haɗe gyaran da asalin kod ɗin, da daddare na saki sabuwar fitowa na kwanta.

Jiya bayan la'asar wani bawan Allah ya kira ni, shi ne ya haɗa wa wani shago a Kantin Kwari manhajar rasit, ashe da ƙunshina yake aiki. Wani abokin cinikinsu ya tura 100,050, wato dubu ɗari ya ɗora hamsin ɗin caji. Rasit ya fito da "naira dubu ɗari da hamsin". Bayan kwana uku mutumin ya dawo da takarda a hannu, ya ce shi 150,000 ya bayar, ga shi nan a rubuce da Hausa. Sai da aka buɗe alat ɗin banki kafin ƙura ta lafa. Layukan da aka share su ne suke sa a rubuta "dubu ɗari da naira hamsin" a irin wannan wurin.

Tambayata ta farko: wa ya kamata ya amsa wannan? Akwai ta biyu, amma mu gama da wannan tukun.

Auta:
Wa alaikumus salam. Yaya, laifina ne, ba sai an je ko'ina ba. Na ga sharaɗi biyu kamar abu ɗaya suke yi, na ce bari in rage. Don Allah a yi haƙuri.

Na Farm Centre:
Auta kwantar da hankalinka, kai koyo kake. In yaron shago ya kwance waya ya ƙona allo, mai waya ba yaron yake nema ba, oga yake nema. Amma ni abin da ya ɗaure mini kai, mene ne amfanin dubawar in har irin wannan zai wuce? Hajiya, ba da ke nake ba fa, tambaya ce.

'Yar Gwale:
Da ni kake mana, Malam, tunda ni na duba. Kuma ba zan zille ba. Amma bari in faɗi abin da na duba ɗin. Na karanta layukan da aka canza, na ga kod ɗin ya fi tsafta, na ga duk gwaje-gwajen da ke cikin ma'ajiyar sun wuce. Babu gwaji ko ɗaya da ya taɓa 100,050. Babu sharhi ko na kalma uku a saman waɗancan layukan da zai ce kada a taɓa, ga dalili. Dalilin yana cikin kan mutum ɗaya, mutumin kuma yana cikin adaidaita sahu. Abin da na gaza shi ne ban tambayi Auta ba: me ya sa aka rubuta su tun farko? Wannan na ɗauka. Amma kada a ɗora mini abin da ba a rubuta a ko'ina ba.

Ɗan Kabuga:
Gaskiya ne, ba sharhi. A lokacin ina ganin abin a fili yake, kowane Bahaushe ya san dubu ɗari da hamsin fuska biyu gare ta.

'Yar Gwale:
Na sani a kasuwa. Ban tuna ba a gaban kwamfuta ƙarfe goma sha ɗaya na dare.

Injiniya Hotoro:
Ku bari in ba ku labarin da ya fi wannan muni, don Auta ya samu ya yi barci yau. A 2006 mai kula da ƙunshin OpenSSL, manhajar sirranta bayanai, a Debian, wani nau'in Linux, ya ga na'urar binciken Valgrind tana ta ƙorafi a kan wasu layuka biyu. Ya ga kamar ba su da wani amfani, ya ma kai tambaya zauren masu OpenSSL ɗin, amsar da ya samu ba ta hana shi ba, ya kashe su. Ɗaya daga cikinsu ne yake zuba abin da ke sa mukullan sirri su fito ba a iya hasashensu. Daga nan duk mukullin SSH, wato na shiga kwamfuta daga nesa, da aka ƙirƙira a Debian da Ubuntu ya koma ɗaya daga cikin dubu talatin da biyu da 'yan kai. Yaro da ƙaramar kwamfuta zai iya gwada su duka. Ba a gane ba sai a watan Mayu na 2008, lokacin da Luciano Bello ya gano. Kusan shekara biyu ke nan.

Garin gyaran gira aka rasa ido. Kuma ku lura, shi ma ba sabon abu ya ƙara ba, share abin da ya ga kamar datti ne ya yi. Ni a wurin aiki gyaran da ya fi ba ni tsoro shi ne wanda aka rubuta wa "tsaftacewa kawai". Sabon abu kowa na zuba masa ido. Shara kuwa, kowa sai ya ce madalla.

Na Farm Centre:
To Injiniya, a can wa aka kama?

Injiniya Hotoro:
Ba wanda aka kama. An fitar da gyara, an fitar da jerin mukullan da suka lalace, duniya ta zauna tana canza mukulli. An yi ta cacar baki tsakanin masu ƙunshi da masu asalin manhaja, kowa na cewa ɗayan ne. Darasin da masu haɗa ƙunshi suka fi maimaitawa daga baya shi ne, in ka taɓa kod ɗin wani, ka mayar masa da gyaran ya gani da idonsa, kada ka riƙe a gidanka.

Na Farm Centre:
Ni fa wannan "ba wanda aka kama" ɗin ne ba na ganewa a harkar nan taku. Mai shagon Kwari saura ƙiris ya yi asarar dubu hamsin da mutuncinsa. Kai ka ɗora abu a intanet ka ce kowa ya ɗauka. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Ɗan Kabuga:
Wane ladan na ci, ɗan'uwa? Shekara nawa ina kula da abin nan, ko katin ɗari biyu ba wanda ya taɓa turo mini. Data tawa, man janareta nawa. Lasisin MIT ne a kai, kuma a ciki an rubuta da manyan baƙaƙe cewa ga kaya nan yadda suke, ba garanti. Shi wanda ya kira ni ɗin kuɗi ya karɓa a hannun mai shago. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Malam Na Ƙofar Mata:
A'a, ku tsaya. Ku biyun kowa na da rabin gaskiya. Lasisi ya wanke ka a gaban alƙali, Ɗan Kabuga, wannan ba musu. Amma ka san ba alƙali ne ya hana ka barci jiya ba. Tun da ka san mutane na ɗauka kuma ka ci gaba da saki, amana ta hau kanka ko ba a biya ka ba, kamar wanda ya haƙa rijiya a ƙofar gida ya bar wa unguwa. Ba wanda zai tilasta masa ya yashe ta duk shekara. Amma in ya san wani abu ya faɗa ciki, shiru ba nasa ba ne.

Shi kuma mai manhajar rasit, idan ɓera da sata daddawa ma da wari. Me ya sa manhajarsa take jawo sabuwar fitowa kai tsaye ba tare da ya gwada ba? Abin da ya shafi kuɗin mutane ai sai ka ɗaure lambar fitowar da ka gwada, ka rubuta ta daram a fayil ɗin buƙatu, ba ka matsa gaba sai ka ga dama.

'Yar Gwale:
Yauwa Malam. Na tambaye shi ma ta bayan fage, bai ɗaure ba. Duk sanda ya sake ɗora manhajar a saba sai ta kwaso ta ƙarshe.

Malam Na Ƙofar Mata:
Sai maganar dubawa. Mu da muka yi allo mun san wannan tun kafin kwamfuta. Gardi zai rubuta allonsa ya kawo wa alaramma darasu. Alaramma ba kyan rubutu yake dubawa ba, wasali yake bi ɗaya bayan ɗaya, domin shi ya san abin da ya kamata ya kasance a wurin. In ka kai wa wanda bai haddace wurin ba, zai ce rubutu ya yi kyau, kuma bai yi ƙarya ba. Hajiya ta duba kyan rubutu, ta faɗi gaskiyar abin da ta gani. Wanda ya haddace wurin shi ne bai duba ba.

Ɗan Kabuga:
Malam, ka dai ɗaure ni da igiya mai laushi.

Injiniya Hotoro:
Abin da Malam ya faɗa, masu Linux sun mayar da shi tsari. A can ba danna kore kawai ake yi ba, kowane sa hannu da ma'anarsa. Signed-off-by na nufin ina da haƙƙin miƙa wannan kod ɗin, kuma ta hannuna ya bi. An kawo shi a 2004, lokacin rigimar shari'ar kamfanin SCO a kan kod ɗin Linux, don a san asalin kowane layi. Reviewed-by na nufin na zauna na yi bitar fasaha, na gamsu. Acked-by kuma galibi mai kula da wancan ɓangaren ne yake cewa ban ƙi ba. Tested-by, na gwada a injina ya yi aiki. Kun ga mutum huɗu za su iya sa hannu a gyara ɗaya, kowa ya san iyakar abin da ya ɗauka. Mu kuwa sai mu rubuta LGTM, wato ya yi mini daidai, mu wuce, wanda ya rubuta yana nufin "ban ga abin da ya fashe ba", wanda ya karanta ya ɗauka "na lamunce maka".

Kuma ko da bita ta gaske ana kuskure. Ɓarakar tsaron da ake kira Heartbleed a OpenSSL, Robin Seggelmann ne ya rubuta gyaran da ya jawo ta, Stephen Henson ya duba, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kowa sanin manhajar. An shigar da gyaran ranar 31 ga Disamba 2011, an manta a tantance tsawon saƙo a wuri ɗaya. Sai Afrilu 2014 aka gano. Lokacin ne duniya ta farga cewa abin da bankuna da manyan kamfanoni suka jingina a kai, 'yan tsirarun mutane ne ke riƙe da shi, gudummawar da suke samu a shekara kusan dala dubu biyu.

Auta:
Ranar jajiberin sabuwar shekara? Kenan shi ma a adaidaita sahu yake.

Na Farm Centre:
Kai Auta, har ka warke ke nan.

'Yar Gwale:
Ni daga yau ga yadda zan riƙa yi, kowa ya shaida. In na duba zan rubuta abin da na duba da abin da ban duba ba. "Na karanta kod, ban gwada sakamakon Hausar ba." In mai haɗewa ya ga haka ya haɗe, shi ya sani. Kuma duk gyaran da ya share layi, sai mai gyaran ya gaya mini abin da layin yake yi kafin in taɓa komai. In bai sani ba, mu nemi wanda ya sani. Tarihin git, inda ake ajiye kowane canji, na nan, a duba ranar da aka sa layin da abin da aka ce.

Ɗan Kabuga:
Na duba tarihin ɗazu. Saƙon da na rubuta a ranar shi ne "gyara". Kalma ɗaya.

Injiniya Hotoro:
Allah ya shirye mu baki ɗaya. To yanzu ka janye fitowar?

Ɗan Kabuga:
Ina tunanin goge ta gaba ɗaya.

Injiniya Hotoro:
Kada ka goge. PyPI na da hanyar janyewa ba tare da gogewa ba, ana ce mata yank. Fitowar za ta zauna, amma pip, mai sauko da ƙunsasan Python, ba zai ɗauko ta ba sai ga wanda ya rubuta lambarta daidai. Ka sa dalili a wurin, ka dawo da layukan, ka ƙara gwaji, ka saki wata da sabuwar lamba. In ka goge ma ba za su bar ka ka sake ɗora fayil da wannan sunan ba. Kuma gogewa na da nata tarihin. A Maris 2016 Azer Koçulu ya yi fushi da npm, rumbun ƙunsasan JavaScript, a kan rigimar sunan wani ƙunshinsa, kik, ya cire ƙunsasansa duka. A cikinsu akwai left-pad, layi 11 kacal, amma manyan ayyuka irin su Babel sun dogara da shi, gini ya tsaya cak a ko'ina. Sai da npm suka dawo da shi da kansu, suka kuma ƙuntata dokar cirewa.

Ɗan Kabuga:
Na ji, zan yi haka in an kawo wuta. To ga ta biyun, kuma ita ce ta fi damuna. Gaskiya na gaji. Na yi aure, ga aikin ofis, ƙorafe-ƙorafe sun taru ban buɗe ba. Wata biyu ke nan wani yana turo mini saƙo a GitHub, inda ma'ajiyar kod ɗin take, ya turo gyara uku masu kyau, Hausarsa ma ba laifi. Yanzu ya ce in ba shi izinin saki a PyPI ya ɗauke mini nauyin. Ban san shi ba, ban san garinsu ba, hoton kyanwa ne a shafinsa. Bayan abin jiya ji nake kamar in miƙa masa in huta.

Na Farm Centre:
Miƙa masa mana. Ka ce ba a biyan ka, ga mai so ya zo.

Injiniya Hotoro:
Tsaya, ranka ya daɗe. Wannan maganar da ka yi ita ce kusan abin da ya faru da event-stream a 2018. Dominic Tarr ya daina amfani da ƙunshin, wani ya zo ya ce zai kula, ya miƙa masa. Sabon ya ƙara wani ɗan ƙunshi mai suna flatmap-stream, a ciki aka ɓoye kod ɗin da ke neman satar kuɗin masu walat ɗin Copay. Mutane sun ci gaba da saukewa saboda sunan da suka sani, alhali hannun da ke bayan sunan ya canza.

Na xz kuwa ya fi wannan tsari. Lasse Collin shi kaɗai yake riƙe da xz shekara da shekaru, manhajar matse fayil da kusan kowace Linux ke ɗauke da ita. A 2021 wani mai suna Jia Tan ya fara turo gyare-gyare masu kyau. A 2022 wasu asusun suka taso Collin a gaba, kullum ƙorafi: aiki ba ya tafiya, ka ba wani. Shi kuma ya fito ya ce yana fama da kansa, kuma aikin nan na sa kai ne. A hankali Jia Tan ya zama abokin kula, har ya kai ga shi ke sakin fitowa. A 5.6.0 da 5.6.1, farkon 2024, ya dasa ɓarauniyar hanya da ke kaiwa ga SSH. Ya ɓoye ta a cikin fayilolin gwaji, abin da ke kunna ta kuma yana cikin ƙunshin da ake saukewa, babu shi a ma'ajiyar git da mutane ke karantawa. Andres Freund, injiniya a Microsoft mai aikin PostgreSQL, shi ya lura shiga SSH na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da ƙima, ya bi diddigi, ya tona ranar 29 ga Maris 2024. Ta riga ta shiga rassan gwaji na Debian da Fedora, Allah ya sa ba ta kai ga tsayayyun ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar a nan gajiyar mai kula ce. Kuma kai yanzu ka gama gaya mana ka gaji.

Auta:
Injiniya, da girmamawa, ina da ja a nan. In haka ne, mu fa? Ni ma ba wanda ya san ni a waje. In na tura gyara wani babban aiki, abin da suke gani shi ne sabon asusu daga Najeriya, ba kamfani, ba wanda zai tsaya mini. In kowa ya ce baƙo abin tsoro ne, yaushe ɗan Kano zai zama mai kula da wani abu? Wataƙila mai hoton kyanwar nan wani ɗalibi ne irina a Gwammaja, yana jin kunyar sa hotonsa.

'Yar Gwale:
Wannan tambayar ta fi duk abin da aka faɗa yau nauyi. Ni ma ba hotona ba ne a shafina, kuma kun san dalili. Sannan a duba, Jia Tan ai ya ci duk jarrabawar da ake cewa a yi wa baƙo: ya yi haƙuri fiye da shekara biyu, aikinsa na da kyau, yana da ladabi. In gwajin shi ne daɗewa, ya wuce. Don haka ni ban yarda maganin shi ne a ƙara tsawon jira ba. A raba mukullan ne. Wanda zai duba daban, wanda zai haɗe daban, kuma abin da ake saki ya fito daga ma'ajiyar da kowa ke gani, ba daga kwamfutar mutum ɗaya ba. In an yi haka, baƙo zai shigo ya yi aiki ya yi suna, ba tare da an damƙa masa gidan duka ba.

Malam Na Ƙofar Mata:
Haka ake yi a kasuwa ai. Yaro ya zo Kwari neman aiki, ba a korar sa don ba a san shi ba, ba a kuma ba shi mukullin sito ranar farko. Zai fara da ɗaga dila, ya koma jiran shago, a fara aiken sa banki da kaɗan. Kuma ko ya shekara goma, littafin lissafi mutum biyu ke gani. Ba zargi ba ne, shi kansa kariya ce gare shi ranar da kuɗi suka ɓata.

Injiniya Hotoro:
Na karɓi gyara, Auta, ba cewa nake a rufe ƙofa ba. Debian ma matakala suka yi. Kana iya haɗa ƙunshi yau ba wanda ya san ka, amma wani cikakken mamba ne zai duba ya ɗora maka, shi ne mai ɗaukar nauyinka. In aka ga kamun ludayinka sai ka zama Debian Maintainer, a ba ka izinin ɗora takamaiman ƙunsasan da aka amince maka kawai. Cikakken mamba sai daga baya, kuma sai wasu sun tsaya maka. Fedora ma sai an yi bitar ƙunshinka kuma wani ya ɗauki nauyinka.

Abin da ya fi burge ni kuma, sun tanadi hanyar gajiya. In kana neman taimako ka sa RFH. In kana so wani ya karɓa ka sa RFA, kana riƙe da shi har a samu. In ka sauka gaba ɗaya ka ce ƙunshin maraya ne, ya koma hannun ƙungiyar QA, masu kula da inganci. In kuma mai kula ya yi shiru ga matsala mai tsanani, wani mamba na iya yin NMU, wato ɗorawar wanda ba shi ne mai kula ba, ya gyara wannan matsalar kaɗai, yawanci ya sa a layin jira na 'yan kwanaki ko mai shi zai farka ya ce a'a. Ba a ɗauki sauka abin kunya ba. Ko fayil ɗin MAINTAINERS na Linux akwai inda ake rubuta Orphan ƙarara, da Odd Fixes ga wanda yake leƙowa jefi-jefi.

Na Farm Centre:
Wato har maraya akwai a kwamfuta. To ni dai na fahimci abu ɗaya, gara ya rubuta a ƙofa cewa ba kowa a gidan da ya ba wanda bai sani ba mukulli mutane na zaton shi ne a ciki.

Ɗan Kabuga:
To a aikace me zan yi? Don asusuna na kaina ne, in na ƙara mutum a GitHub ikon rubutu yake samu kai tsaye.

'Yar Gwale:
Ka buɗe asusun ƙungiya, kyauta ne, ka mayar da ma'ajiyar can. A nan ne ake samun matakai. Mai kyanwa a ba shi Triage, ya riƙa tsara ƙorafe-ƙorafe yana rufe waɗanda suka mutu, wannan kaɗai zai rage maka rabin ciwon kai. A kulle babban reshe, ba mai haɗewa sai da amincewar wani, har kai. A sa fayil ɗin CODEOWNERS, ɓangaren ƙa'idojin Hausa a rubuta sunan wanda dole sai ya gani. Saki kuma a haɗa shi da Trusted Publishing da PyPI suka kawo a 2023, ya riƙa fita daga GitHub Actions, injin GitHub da ke yin aikin da kansa, ba wanda zai riƙe kalmar sirrin ɗorawa a kwamfutarsa. Tabbacin shiga mai mataki biyu dama ya zama dole a PyPI tun farkon 2024.

Injiniya Hotoro:
Ƙari ɗaya: ka samu mutum na biyu da ka sani ido da ido ya zama mai mallaka tare da kai a PyPI. Rai a hannun Allah yake, waya kuma a hannun masu ƙwace. In ka ɓace yau, karɓo sunan ƙunshin sai an bi dogon layin PEP 541, ƙa'idar PyPI ta sauya mai mallakar suna.

Ɗan Kabuga:
Hajiya, ke zan sa.

'Yar Gwale:
Ni da na bar dubu hamsin ta wuce?

Ɗan Kabuga:
Ke da kika faɗi abin da ba ki duba ba. Ɓangaren Hausa kuma Malam, in zai yarda.

Malam Na Ƙofar Mata:
Python ɗina ba ta wuce gaisuwa ba, amma in za ku riƙa nuna mini lamba da abin da ta fito da shi a jere, zan yi muku darasu. Sharaɗina ɗaya, kada a turo mini abu ana cewa da gaggawa. Bayan isha'i nake dubawa, ranar da na samu.

Na Farm Centre:
Shi kuma na Kwari wa zai kira shi? Don har yanzu yana jiran amsa.

Ɗan Kabuga:
Ni zan kira shi. Zan ba shi haƙuri, in kuma nuna masa yadda ake ɗaure lambar fitowa. In yana son a riƙa amsa masa waya da la'asar kuma, sai mu yi maganar kuɗi.

Auta:
Na fara rubuta gwajin. Na sa 100,050 da 150,000 da 200,005 da 205,000. Amma na ci karo da wata: 1,000,500 da 1,500,000. Mutane na cewa "miliyan ɗaya da ɗari biyar" suna nufin ta biyun. Tsohon kod ɗin ma, kafin in taɓa shi, haka yake rubuta ta farkon.

Ɗan Kabuga:
Inna lillahi. Wannan tun ranar farko take ciki ke nan.

Malam Na Ƙofar Mata:
Ta biyun a rubuta "miliyan ɗaya da dubu ɗari biyar", ta farkon "miliyan ɗaya da naira ɗari biyar". Kada a bar ko ɗaya a gajarce. Auta, turo mini jerin duka, har da na kobo.

'Yar Gwale:
Ka buɗe mata ƙorafi daban, Auta, kada ka cusa ta cikin wannan gyaran. Ɗaya bayan ɗaya zan duba.

Auta:
To Anti. Caji na saura kashi huɗu, in an kawo wuta zan turo.